Soro da Moussolou: faya-fayai biyu na Mali da suka bi hanyoyi daban zuwa kunnen duniya

Tsakanin 1987 da 1990 mawaƙan ƙasar Mali sun fitar da wasu faya-fayai guda biyu waɗanda har yau, in ana lissafin manyan faya-fayan Afirka ta Yamma, ba a tsallake su. Na farko shi ne Soro na Salif Keita, na biyu Moussolou na Oumou Sangaré. Kowannensu waƙa shida ce kacal a ciki, kowanne bai kai minti 45 ba, kuma dukansu sun bi ta hannun kamfanin Syllart na furodusan nan ɗan Senegal, Ibrahima Sylla. Sai dai an haɗa Soro a birnin Paris da niyyar ya shiga kasuwar Turai, daga can ya dawo gida. Shi kuwa Moussolou a Abijan aka ɗauke shi domin kasuwar kaset ta Bamako, kuma sai da ya gama cika motocin haya da gidajen biki kafin Turai ta ji labarinsa. Yanzu da aka haura shekara 30, ana iya sake sauraren su a natse a ga wanne ya fi jure wa zamani, da kuma dalilin haka.

Ga matasan da suka tashi suna karɓar waƙa ɗaya-ɗaya a katin waya ko ta WhatsApp, waƙa shida za ta yi kama da rowa. Kayan aikin lokacin ne suka jawo haka. Faifan garmaho babba yana ɗaukar minti 20 da ɗan ɗoriya a kowace fuska, kaset ma fuska biyu gare shi. Mawaƙin Mali kuwa ba ya gama zancensa cikin minti uku, waƙa ɗaya takan kai minti shida ko bakwai. Don haka waƙa uku a fuskar farko, uku a ta biyu, shi ke nan faifai ya cika. Wannan ƙuncin ya sa dole a zauna a yi tunanin wace waƙa za ta buɗe, wacce za ta rufe, domin mai saurare ba ya tsallake, sai dai ya juya kaset.

Ɗan sarauta da ya zama mawaƙi

An haifi Salif Keita a 1949 a ƙauyen Djoliba da ke bakin kogin Isa, kudu da Bamako. Abu biyu suka tsaya masa a gaba tun yana yaro. Na farko an haife shi zabiya, a cikin al'ummar da wasu ke camfa masu irin wannan fata, ga raunin gani da ya hana shi aikin koyarwa da ya so yi. Na biyu sunansa. Keita zuriyar Sundiata ce, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, kuma a al'adar Mande waƙa gadon jeli ce, wato maroƙa. Ɗan Keita shi ake yi wa waƙa. Mai karatu a Damagaram ko Katsina ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da zai faru in ɗan sarki ya ɗauki kalangu ya shiga kasuwa. Mahaifinsa bai yarda ba, Salif ya bar gida ya koma Bamako yana waƙa a mashaya da bakin kasuwa.

A 1970 ya zama mawaƙin Rail Band, ƙungiyar da hukumar jiragen ƙasa ta Mali ta kafa domin ta riƙa wasa a otal ɗin tashar jirgi ta Bamako. A 1973 ya koma ƙungiyar Les Ambassadeurs, wani matashi ɗan Gini mai suna Mory Kanté ya gaji makirfonsa a Rail Band. Daga baya Ambassadeurs suka yi ƙaura zuwa Abijan, inda a 1978 suka ɗauki Mandjou, waƙar yabon shugaban Gini Ahmed Sékou Touré. Ita ce ta sa sunan Salif ya karaɗe yankin, kuma ita ce har yau ake yi masa gori da ita, saboda irin mutanen da suka mutu a kurkukun Camp Boiro a zamanin wanda aka yaba ɗin. A 1984 ya tare a Faransa, a unguwar Montreuil da ke gefen Paris, inda ƴan Mali suka yi yawa har ake kiran ta ƙaramar Bamako.

A can ne Ibrahima Sylla ya zuba kuɗinsa a kansa. Ya haɗa shi da Faransawa biyu masu tsara kiɗa, François Bréant da Jean-Philippe Rykiel, wanda makaho ne tun haihuwa kuma gwani a kan piyano mai lantarki. Abin da suka yi sabo ne a lokacin. Sun ɗauki karin kiɗan Mande, wanda aka saba ji a kan kora da balafon, suka raba shi tsakanin na'urori masu kwaikwayon sauti, da jita, da rundunar masu busa ƙahonin Turawa, da ganguna masu amo irin na kiɗan rawar Turai na shekarun 1980. Suka bar abu biyu yadda suke: ƴan amshi mata masu siririyar murya irin ta Bamako, da muryar Salif kanta.

Wamba ce ke buɗe faifan, da gudu da busa, kamar mai shelar isowar baƙo. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta tana sauya tafiya sau da yawa a cikinta, ta yi sanyi ta sake zabura, abin da ba a saba ji ba a faifan rawa. Akwai Sina, mai ɗauke da sunan mahaifin nan da ya ƙi sana'ar ɗansa. Sanni Kegniba ce ta rufe, a hankali, kusan babu ganga, muryar na hawa sama tana tsayawa can kamar ta mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Wanda bai ji Bambara ko Malinke ba ma ya san cewa makoki ake yi.

Faifan ya faɗo a kan gaɓa. A 1986 Ba'amurke Paul Simon ya fitar da Graceland tare da mawaƙan Afirka ta Kudu, ya sayar da miliyoyi. A watan Yunin 1987 wasu ƙananan kamfanonin faifai suka yi taro a Landan suka amince da suna ɗaya da za a riƙa liƙa wa irin waɗannan faya-fayai a shaguna, wato kiɗan duniya, abin da Faransawa ke kira musiques du monde. Kafin nan mai shago a Turai bai san inda zai ajiye faifan ɗan Mali ba. Kamfanin Stern's na Landan ya fitar da Soro a Ingila, daga baya Mango, reshen kamfanin Island da ya tallata Bob Marley, ya ɗauki Salif.

A wannan shekarar ce kuma Mory Kanté, wanda shi ma ya koma Paris, ya fitar da Akwaba Beach. Waƙar Yé ké yé ké da ke cikinsa ta hau matsayi na ɗaya a wasu ƙasashen Turai a 1988, ta kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Masu kallon finafinan Indiya a Maraɗi da Kano sun san wani ɓangare na wannan faifai ko da ba su taɓa jin sunansa ba: karin waƙar Jumma Chumma ta fim ɗin Hum na Amitabh Bachchan, na 1991, daga waƙar Tama ta Mory Kanté aka ɗauko shi.

Yarinyar da ta ƙi na'ura

Lokacin da Soro ya fito, Oumou Sangaré tana da shekara 19. An haife ta a Bamako a 1968, iyayenta ƴan asalin Wassoulou ne, yankin da ke kan iyakar Mali da Gini da Cote d'Ivoire. Mutanen wurin jinin Fulani ne da suka zauna suka ɗauki harshen maƙwabtansu, shi ya sa sunayensu ba su wuce Diallo, Diakité, Sidibé da Sangaré. Tana ƙarama mahaifinta ya ƙara aure ya tafi Abijan, ya bar mahaifiyarta Aminata Diakité da ƴaƴa. Uwar tana waƙa a bukukuwan aure da suna, ƴar na bin ta, daga baya ita ce ke fita ta samo abin da za a ci. Abin sha'awa, kalmar zabiya a Hausa ta haɗa mawaƙan nan biyu: Salif zabiya ne ta fuskar fata, Oumou kuma ta fuskar sana'ar da ta gada wajen uwarta.

Kiɗan Wassoulou daban yake da na jeli, kuma bambancin ne tushen labarin Moussolou. Jeli na yabon zuriya da masu hannu da shuni, da kora mai tsirkiya 21 da dogon kirari. Mawaƙan Wassoulou ba gado suke yi ba. Suna kiran kansu kono, wato tsuntsu, kuma duk mai murya na iya shiga. Tushen kiɗansu na mafarauta ne, waɗanda ke da wani abin kiɗa na ƙwarya da doguwar sanda mai suna donso ngoni, kamar yadda garaya da komo suke ga mafarauta a ƙasar Hausa. Ba kowa aka yarda ya taɓa shi ba. Sai samarin ƙauye suka ƙera nasu ƙarami, mai tsirkiya shida da sauti mai kaifi, suka kira shi kamele ngoni, molon samari, suna kaɗa shi da dare a dandali. Dattawa sun daɗe suna kallon sa a matsayin kayan ɓata tarbiyya.

Akwai kuma dalilin da ya sa kunnen Bahaushe ko Bazabarme ke saurin kama wannan kiɗa fiye da na kora. Sautuka biyar ake hawa da sauka a kansu, kamar yadda yake a yawancin kiɗan gurmi da molo da goge, alhali kiɗan jeli na Mande sautuka bakwai yake bi. Mai sauraro a Tawa ko Garwa zai ji Moussolou kamar na maƙwabta, ko da bai fahimci kalma ɗaya ba.

A 1989 Oumou ta tafi Abijan da ƴan kiɗanta, domin a lokacin can ne ake da sutudiyo mai kyau, da masana'antar buga kaset, da dillalan da ke kai kaya har Bamako, Wagadugu da Yamai. Amadou Ba Guindo ne ya tsara kiɗan. Abin da ke cikin faifan ana iya ƙirga shi da yatsu: kamele ngoni, jita, jita mai kauri, goge irin na Turawa da ke kwaikwayon gogen gargajiya, wani ɗan ƙarfe da ake gogawa yana riƙe tafiyar kiɗa, ƴan amshi, sai muryarta. A daidai lokacin da kusan kowane mawaƙi a Abijan ke neman gangar na'ura da piyano mai lantarki, wannan faifai ya fito kusan tsirara.

Moussolou na nufin mata. Yarinya mai shekara 21, marar aure, ta tsaya tana magana da mata a kan rayuwarsu, da kuma haƙƙin mace ta so wanda take so. Waƙar da ta fi tayar da ƙura ita ce Diaraby Nene, wadda ke bayyana abin da jiki ke ji in masoya sun keɓe, da kalmomin da ba a saba jin mace ta furta a bainar jama'a ba. Manya suka yi tir, ƴan mata suka haddace. An sayar da kaset fiye da 200,000 ta halastacciyar hanya, ban da na masu kwafar sata, waɗanda a kasuwannin yankin su ne suka fi yawa. Wanda ya san kasuwar kaset ta wancan lokaci ya san cewa mawaƙi kan ga sunansa a kowane shago, aljihunsa kuwa bai shaida ba.

Zamanin ma ya taimaka. Shekarun ne da matasa da mata suka fara fitowa titi a ƙasashen Sahel. A watan Maris na 1991 aka kifar da Moussa Traoré a Bamako bayan zanga-zangar da mata suka taka rawa sosai a cikinta. A ranar 13 ga Mayun wannan shekara matan Nijar suka yi tattaki a Yamai suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Kaset bai haddasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma masu sayen sa su ne mutanen da ke kan titin.

Ali Farka Touré na cikin waɗanda suka ja hankalin Nick Gold, mai kamfanin World Circuit na Landan, zuwa ga Oumou, kuma a 1991 kamfanin ya fitar da Moussolou a Turai ba tare da an sake ɗaukar sa ko an ƙara masa kayan zamani ba. Faya-fayanta na gaba sun fi fitowa fili a kan auren dole da kishiya: Ko Sira a 1993, sai Worotan a 1996, wanda sunansa ke nufin goro goma, abin da ake kaiwa wajen neman aure.

Wanne ya tsufa?

In aka sa faya-fayan biyu a jere yau, abin da kunne ke fara kamawa a Soro shi ne shekarar da aka yi shi. Amon gangunan da sautin na'urorin na shekarun 1980 ne ƙarara, irin wanda ake ji a tallace-tallace da finafinan lokacin. Abin da ya sa ya zama sabo a 1987 shi ne ya fara tsufa a jikinsa. Muryar kuwa ba ta tsufa ba ko kaɗan, kuma tsarin waƙoƙin, yadda ake gina su hawa-hawa, har yanzu darasi ne ga masu haɗa kiɗa. Masu cewa Salif ya sayar da kiɗan Mande ga Turawa ba su yi masa adalci ba. Mutumin da ya fito daga Rail Band da Ambassadeurs, ƙungiyoyin da ke kaɗa salon Kuba da jita mai lantarki tun farkon shekarun 1970, bai taɓa zama mawaƙin gargajiya ba balle a ce ya bari.

Moussolou ba shi da wannan matsala, domin ƙwarya da tsirkiya ba su da shekarar ƙira. Ana iya cewa jiya aka ɗauke shi. A 2019 Beyoncé ta ɗauki wani yanki na Diaraby Nene ta gina waƙarta Mood 4 Eva a kansa, shekara 30 bayan zaman Abijan.

Kasuwar ma daga baya hanyar Oumou ta bi. A 1994 Ali Farka Touré da Ba'amurke Ry Cooder suka fitar da Talking Timbuktu, faifai mai sauƙin kaya wanda ya ci kyautar Grammy a 1995. Shi kansa Salif, bayan Amen na 1991 da ya yi da gwanin jaz Joe Zawinul da wasu faya-fayan masu nauyin na'ura, ya dawo ga jita marar lantarki da kayan gida a Moffou na 2002, wanda da yawa ke gani shi ne mafi kyawun aikinsa tun bayan Soro. Sai dai a nan akwai abin lura. Turawan da suka yi maraba da na'ura a 1987 su ne bayan shekara goma suka koma neman abin da suke kira na asali, har ya zama mawaƙin Sahel da ke son kwangila a waje dole ya ajiye piyanon da jama'arsa ke rawa da shi a gida. Ko a wace hanya, mai sayen faifai a Paris da Landan yana da baki a cikin abin da za a ɗauka.

Ina na Nijar?

Nijar ba ta rasa mawaƙa a waɗannan shekaru ba. Abin da ta rasa shi ne hanyar da Mali ta samu: sutudiyo, furodusa mai jari, da kamfanin waje da zai adana aikin. Gasar Prix Dan Gourmou da aka fara a 1987 ta fito da ƙungiyoyi da dama, amma yawancin abin da suka yi ya tsaya a kaset da ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa. Kaɗan ne suka tsallaka. A 1994 Stern's, kamfanin da ya kai Soro Ingila, ya fitar da Niamey Twice, faifan da ya haɗa Moussa Poussy da Saadou Bori na Maraɗi, wanda waƙoƙinsa na Hausa suka yi tashe har a arewacin Najeriya. Shekarar ce kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, a watan Janairu, abin da ya ninka tsadar kayan kiɗa da kuɗin sutudiyo a waje. A 1999 ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta fitar da Denké-Denké a Faransa, da sarewa da molo da kalangu a gaba, jita a baya, wato tsarin da ya fi kusa da na Moussolou.

Abin da ake kira tsohon faifai mai daraja, sau da yawa shi ne wanda uwar kaset ɗinsa ta samu wurin ajiya mai sanyi da kamfanin da zai sake buga shi. Soro da Moussolou suna kan intanet yau, da sauti mai tsabta, domin akwai masu riƙe da haƙƙinsu a Paris da Landan. Ibrahima Sylla ya rasu a ƙarshen 2013, amma kamfaninsa na nan yana sake fitar da tsofaffin ayyuka. Kaset kuwa zafi da ƙura na cinye shi, zaren ya miƙe, sautin ya dushe.

Labarin Mamman Sani ya nuna yadda abin ke rataye a kan sa'a. A 1978 ya ɗauki kaset na kiɗan piyano mai lantarki a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka buga kwafi ƙalilan. Shekara da shekaru ƴan Nijar na jin kiɗan nasa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, yawancinsu ba su san mai shi ba. Sai da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi ɗaya a ma'ajiyar gidan tarihi na ƙasa a Yamai, sannan aka sake buga shi a faifai a 2013, shekara 35 bayan ɗaukar sa, Mamman Sani ya fara samun gayyatar wasa a Turai.